Barci da abinci ga mai fama da ciwon daji

Iyaye mata da masu faɗakarwa na unguwa, sau da yawa mai ciwon daji yakan kwana ido biyu, gari ya waye masa da kasala, ya kasa cin abinci. Idan haka ta daɗe, sai rama ta shigo, tamowa ta biyo baya, jiki ya kasa ɗaukar magani. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a dare.

Abubuwan da suka fi hana barcin su ne zafin ciwo, tashin zuciya, fargaba, da wasu magunguna irin su dexamethasone, musamman idan an sha su da yamma. Kada a sauya lokacin shan magani sai an tambayi likita.

Ga abin da za a yi a gida:

1. A daina shayi, kofi da goro daga azahar, domin sinadarin kafin yakan daɗe awoyi a jiki.
2. A ci abinci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini: kunun gero da ƙuli-ƙuli, wake, ƙwai, zogale, hura da nonon da aka tafasa.
3. Abincin dare ya kasance marar nauyi, awa 2 kafin kwanciya.
4. A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Barcin rana kada ya wuce minti 30.
5. A kwana cikin gidan sauro, a ajiye waya nesa da shimfiɗa.

Kada a sayi taramol ko ƙwayar barci a tebur ko wurin masu yawo da magani. Suna sa dogaro, suna kuma iya cin karo da maganin asibiti.

Waya tana rage nisa. Wanda ake yi wa magani a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Yamai, ya koma Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya nemi lambar da zai kira kafin a sallame shi. Mai faɗakarwa ya rubuta lokacin kwanciya, na tashi da abin da aka ci har kwana 7, ya aika wa ma'aikacin lafiya ta saƙon murya na WhatsApp.

Idan zafi ya hana barci dare 3 a jere, ko zazzaɓi ya zo, ko majinyaci ya daina ci da sha, a kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Mai jinya ita ma ta samu wadda za ta karɓe ta, ta runtsa.