Farantan Alawa Na Ingila: Yumɓu, Sukari Da Gumin Bayi

A gidajen adana kayan tarihi na Ingila, mai ziyara yakan ga waɗansu ƙananan farantan tangaran, farare masu sirkin rawaya kamar kindirmo. Wasu an ƙera su da siffar ganye, wasu kamar katantanwar teku, wasu kuwa kamar kwando. Shekarunsu sun haura 200, kuma masu tara kayan da suna sayensu da tsada.

A ƙarni na 18, idan attajirin Ingila ya yi baƙi, bayan an gama cin nama da sauran abinci sai a jera alawa da 'ya'yan itace da aka dafa cikin sukari. Domin wannan zama na ƙarshe aka yi farantan, watau inda mai gida yake nuna arzikinsa.

Kafin zamanin, masu hali da azurfa ko tangaran na ƙasar Sin suke ci, talakawa kuwa da kwanon kuza ko na itace. Maginan tukwane na lardin Staffordshire su ne suka fara haɗa farin yumɓu da garin dutsen ƙyastu da aka ƙona, su gasa, su shafe da ruwan dalma mai ƙyalli, su sake gasawa. Sai aka sami faranti marar nauyi, mai ƙwari, mai sauƙin kuɗi.

Wanda ya kai sana'ar ga ƙololuwa shi ne Josiah Wedgwood, haifaffen garin Burslem a 1730. A 1765 ya yi wa Sarauniya Charlotte, matar Sarki George na Uku, kayan shayi, aka kuwa yarda masa ya laƙaba wa tangaran ɗinsa sunan kayan Sarauniya. A 1774 ya kammala wa Sarauniya Catherine ta Rasha jerin kayan cin abinci da na alawa fiye da guda 900, masu ɗauke da zanen wuraren Birtaniya da tambarin koren kwaɗo. Yanzu suna gidan tarihi na Hermitage.

Har ila yau, masana'antar garin Leeds, wadda aka kafa wajen 1770, ta yi suna wajen huda farantai. Ma'aikaci yakan bi da ɗan ƙarfe yana fitar da kowane rami da hannu tun yumɓun bai gama bushewa ba, in ya kuskure sau ɗaya aikin ya ɓaci.

To, amma ina aka samo sukarin da ya cika farantan nan? Daga gonakin rake na Jamaika da Barbados da sauran tsibiran Karebiyan, inda bayin da aka kwaso daga Afirka, da yawansu daga Afirka ta Yamma, suke noma a ƙarƙashin bulala. Yawaitar sukari ita ce ta yawaita alawa, alawa kuma ta buɗe wa farantan kasuwa.

Shi kansa Wedgwood ya san da haka. A 1787 masana'antarsa ta buga wata lamba mai hoton bawa a durƙushe cikin sarƙa, aka rarraba ta ga masu fafutikar hana cinikin bayi. A 1791 dubban iyalan Birtaniya suka ƙaurace wa sukarin Karebiyan, a 1807 kuma Majalisar Dokoki ta haramta fataucin bayi.

Daga baya wani sabon tangaran da ake haɗawa da tokar ƙashi ya ƙwace teburin masu hali. Duk da haka farantan sun rage. Ɗalibin tarihi da ya tsaya gabansu ya kamata ya yaba gwanintar wanda ya ƙera su, ya kuma tuna da waɗanda suka sare raken, waɗanda ba su taɓa zama a teburin ba.