Igiyar da ta sauya halin ma'aikatan wata masana'antar motoci

A garin Fremont da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfanin General Motors, wanda aka fi sani da GM, ya taɓa mallakar wata masana'antar haɗa motoci da ta yi ƙaurin suna. Kusan kullum sai ma'aikaci ɗaya cikin biyar ya yi fashin aiki. Tsofaffin ma'aikatan wurin sun ba da labarin yadda ake shan giya a bakin aiki, da yadda wani in ya ji haushin manyansa zai cusa kwalbar lemo a cikin ƙofar mota, don ta riƙa ƙara tana damun wanda ya saya. A 1982 GM ya gaji, ya rufe wurin.

Da an tambaye ku dalili, ɗalibai, da yawanku za ku ce ai ma'aikatan ne malalata. Ku dakata tukuna.

A 1984 aka sake buɗe masana'antar da sunan NUMMI, bisa haɗin gwiwar GM da Toyota na Japan, kuma Toyota ne ke tafiyar da aikin. Ginin bai canza ba, ƙungiyar ƙwadagon ma ita ce dai, sannan mafi yawan waɗanda aka ɗauka su ne ma'aikatan da. An tura ɗaruruwansu masana'antar Takaoka a Japan, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa. Ba a daɗe ba motocin Fremont suka shiga sahun mafi inganci a duk motocin GM, fashin aiki kuma ya ragu ƙwarai.

A tsohon tsari, babbar doka ita ce kada layin da ke jan motoci ya tsaya. Idan ƙusa ba ta ɗauru ba, sai a bar motar ta wuce, a ce za a gyara daga baya. Wanda ya tsayar da layi ya jawo wa kansa faɗa. To mutumin da aka nuna masa cewa yawan motoci ake ƙirgawa, ba kyansu ba, me zai sa ya damu?

Toyota kuwa sai ya rataya igiya a saman layin, wadda suke kira andon. Duk wanda ya ga matsala, ko da jiya aka ɗauke shi, yana da ikon ja. Da ya ja sai fitila ta kama, kiɗa ya tashi, shugaban rukuninsa ya garzayo. Ba zuwa yake ya tuhume shi ba, taimako ya kawo. In an warware matsalar nan take layi ya ci gaba, in ba haka ba ya tsaya. An kasa ma'aikatan rukuni-rukuni na mutum kamar biyar, suna musayar aiki, kuma su da kansu ke ba da shawarar yadda za a sauƙaƙa shi.

A ganina sirrin yana cikin 'yan daƙiƙun nan da ke biyo bayan jan igiya. Sabon ma'aikaci ba allon sanarwa yake karantawa ya san halin wuri ba. Ido yake zubawa ya ga abin da ya sami wanda ya ce “na yi kuskure”. In an ci masa mutunci, kowa zai koyi ɓoye nasa. Ku ma kun san ajin da ake yi wa mai tambaya dariya, da yadda hannuwa ke daina tashi. John Shook, Ba'amurken da ya yi aiki da Toyota a Japan kuma ya taimaka wajen horar da mutanen NUMMI, ya bayyana cewa ba da wa'azi aka sauya tunaninsu ba. Yadda suke aiki aka fara sauyawa, tunanin ya biyo baya.

Akwai kuma batun amana. Kamfanin ya yi alƙawarin ba zai sallami ma'aikata ba sai in ya shiga mawuyacin hali. Da kasuwa ta faɗi a 1988 bai sallame su ba, horo ya ƙara musu.

GM ya yi ƙoƙarin kwaikwayon tsarin a masana'antarsa ta Van Nuys, ita ma a Kalifoniya. Ma'aikata da manajoji ba su yarda da juna ba, abin bai kankama ba, aka rufe ta a 1992. Ita NUMMI ta kai 2010, bayan GM ya faɗa matsalar kuɗi ya janye hannunsa. A shekarar ce Tesla ya sayi ginin, inda yake haɗa motoci masu aiki da lantarki.