Rashin Haihuwa a Wajen Maza: Shin Ƙwayoyin Bitamin Suna Magani?

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai shida yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun daɗe da tabbatar da cewa a wajen rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun matsalar namiji a ciki, ko da yake a ƙasar nan mace aka fi ɗora wa laifi.

To, yanzu da maza suka fara yarda a auna su, sai ga wata kasuwa ta buɗe. Kantunan magani sun cika da kwalaben ƙwayoyin da ake kira antiyoksidan, watau haɗin bitamin C da E da sinadarai irin su zink da seleniyam, waɗanda ake cewa suna gyara maniyyi.

Hujjar masu sayarwa ba ta rasa tushe ba. Kamar yadda iska da laima suke sa ƙarfe ya yi tsatsa, haka nan jiki yakan fitar da wasu ɓurɓushin oksijin masu cin abin da suka taɓa. Ƙwayar maniyyi kuwa fatarta maiƙo ce, ga shi ba ta da wani abin kāre kai mai yawa. In waɗannan ɓurɓushi suka yi yawa, sai tafiyarta ta raunana, kayan gadon da take ɗauke da su kuma su tsinke. Aikin antiyoksidan shi ne kashe kaifinsu. Amma fa abin da ya yi daidai a ɗakin bincike ba lalle ne ya kai ga goyo ba.

A shekarar 2020 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan maza 2,370 da ke neman haihuwa tare da matansu. An ba rabinsu zink da folik asid har wata shida, sauran kuwa aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. Kashi 34 cikin ɗari na masu shan maganin sun sami haihuwa, waɗanda suka sha holoƙo kuwa kashi 35. Ban da wannan, masu shan maganin sun fi kukan ciwon ciki da tashin zuciya. A wannan shekara dai wani gwaji na maza 174, wanda aka haɗa sinadarai bakwai a cikinsa, bai nuna wani gyara a maniyyi ba bayan wata uku.

Sa'an nan a 1993 aka kafa wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci. A 2022 ta tattara gwaje-gwaje 90 da suka ƙunshi maza fiye da 10,000. Ta ce mai yiwuwa ne ƙwayoyin su ɗan ƙara samun haihuwa, amma shaidar tana da rauni ƙwarai. Da aka ware gwaje-gwajen da ba a tsara su da kyau ba, sai ribar ta ɓace.

Babban haɗarin dai shi ne ɓata lokaci. Ƙwayar maniyyi takan ɗauki kwana 74 ko kusa da haka kafin ta nuna, saboda haka kowane gwajin magani yakan ci wata uku. Mutum na iya shafe shekara yana canza kwalba, alhali kuwa ciwonsa kumburin jijiyoyin maraina ne, ko toshewar hanya bayan ciwon sanyi, ko ɓarnar hangum. Babu bitamin da zai buɗe toshewa. Shekarun matarsa kuma ba za su tsaya jiransa ba.

Saboda haka, jama'a, in shekara ta cika da aure ba labari, sai miji da mata su tafi asibiti tare. Awon maniyyi ba shi da zafi, kuma akan maimaita shi kafin a yanke hukunci. A bar taba, a rage ƙiba, a guji allurar ƙarin ƙarfin maza ta testostiron, domin ita kanta tana tsayar da yin maniyyi. Wanda likita ya rubuta wa bitamin bayan awo ya sha, amma ya tambayi ranar da za a sake aunawa, da kuma abin da za a yi in ba a ga canji ba.