Ilimin Iya Magana: Yadda Mai Jawabi Ke Shawo Kan Masu Sauraro

A tsohon birnin Atina na ƙasar Girka babu lauya irin na yau. Idan aka kai mutum ƙara, shi da kansa zai miƙe ya kare kansa a gaban 'yan gari waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa su yanke hukunci, kuma yawansu kan kai 201 ko 501. Lokacin maganarsa ma a ƙayyade yake, domin akwai tukunya mai huji da ake cika wa ruwa, da zarar ya tsiyaye sai mai magana ya yi shiru. Gonarsa, ko 'yancinsa, ko ma ransa, na iya dogara ga abin da ya faɗa kafin ruwan ya ƙare. Irin wannan buƙata ce ta sa Girkawa suka mayar da iya magana fannin ilimi, har ana biyan malamai su koyar da shi.

Masanin da ya fi kowa tsara fannin shi ne Aristotal, wanda ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin Miladiyya. A littafinsa kan jawabi ya nuna cewa ta hanyoyi uku ake gamsar da mutane. Akwai etos, wato mutuncin mai magana kamar yadda jawabin ya bayyana shi: shin ya san abin da yake faɗi, kuma yana nufin jama'a da alheri? Akwai fatos, wato motsa zukata, domin mai fushi da mai tausayi ba sa yanke hukunci iri ɗaya. Sai logos, wato hujjar da ke cikin maganar kanta. Aristotal ya soki marubutan da suka gabace shi saboda sun fi mayar da hankali ga tunzura masu hukunci, suka yi sakaci da hujja.

A nan ne ya gano wani abu da ya cancanci ɗalibi ya tsaya a kansa. Mai jawabi ba ya shimfiɗa hujjarsa duka kamar malamin lissafi. Yakan bar giɓi, masu sauraro su cike da kansu. Alal misali, ɗalibi ya ce a taron aji: “Kada a ba wane ajiyar kuɗinmu, ai baƙo ne a makarantar nan.” Bai furta cewa baƙo ba abin amincewa ba ne, amma a kan wannan zato ne maganar ta tsaya, kuma masu sauraro ne suka kawo shi daga cikin zukatansu. Aristotal ya kira irin wannan hujja entimema. Ƙarfinta shi ne mutum kan ji kamar shi ne ya kai ga sakamakon, ba a tura shi ba. Haɗarinta kuwa, abin da ba a furta ba ba a cika bincikarsa ba. A misalin nan, da zarar an fito da zaton fili aka tambaya ko gaskiya ne, hujjar ta rushe. Malamin da ke shirya ɗalibai don muhawara zai amfana ƙwarai idan ya saba musu da neman wannan ɓoyayyen zato a maganar abokan hamayya.

Romawa sun gaji fannin. A rubuce-rubucen Sisero, wanda aka kashe a shekarar 43 kafin Miladiyya, aikin mai jawabi ya kasu kashi biyar: nemo hujjoji, jera su, zaɓen kalmomi, hardacewa, da isarwa da murya da motsin jiki. Littafin Aristotal kuwa an fassara shi zuwa Larabci da sunan Al-Khaɗaba, kuma Alfarabi da Ibn Rushd sun yi masa sharhi. Sai dai kada a haɗa shi da balaga da ake karantawa a makarantun ilimi na ƙasar Hausa, wadda ta tsiro daga nazarin harshen Larabci da salon Alƙur'ani.