Auna Labarin Ganin Zaki da Damisa a Kusa da Gari

Babu labarin da yake saurin zagaya birnin Kano, daga Ƙofar Mata har Ƙofar Kabuga, kamar labarin an ga naman dawa mai cin mutum kusa da gidajen jama'a; domin kuwa zancen tsadar hatsi na masu cefane ne, zancen sarauta na 'yan fada, amma da zarar an ce an hangi damisa a gindin Goron Dutse, ko kuwa wata dabba mai jan ido ta ratsa maƙabarta da asuba, to malami da almajiri, da mai awo da ɗan dako, kowa sai ya ɗauka ya ƙara gaba, kuma da wuya a sami wanda ya miƙa shi yadda ya karɓo shi. Irin wannan labari yana buƙatar ma'auni, kuma ma'aunin yana hannunmu tun da daɗewa, wajen malamanmu da mafarautanmu, illa dai tsoro yakan mantar da mu shi a daidai lokacin da ya kamata mu ɗauko shi.

Mutanen Kano ba su manta da watan Oktoba na 2019 ba, sa'ad da zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan namun daji na Audu Baƙo. Asalin labarin gaskiya ne, babu ko shakka. Amma abin da tsoro ya gina a bisa wannan asali ya fi asalin girma nesa ba kusa ba, har mutanen unguwanni masu nisa suka kwana da fargaba, alhali kuwa zakin bai ƙetare katangar gidan ba. Ya faɗa wa awakin da ya tarar a ciki, ya ci ya ƙoshi, bayan kamar kwana biyu aka gan shi ya koma kejinsa. Wanda ya ƙaryata labarin ɗungurungum a wannan rana ya yi kuskure, wanda ya gaskata duk abin da ya ji shi ma ya yi kuskure, kuma tsakanin waɗannan kurakurai biyu ne aikin mai hankali yake.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya shimfiɗa wata ƙa'ida a Muƙaddimarsa game da labaran tarihi, ma'anarta kuwa ita ce, kafin a tsaya binciken adalcin mai ruwaya, sai a fara duba ko abin da ya ruwaito mai yiwuwa ne bisa ɗabi'ar al'amura. Idan mustahili ne, binciken mai ruwaya ɓata lokaci ne. Bari mu ɗora zaki a kan wannan sikeli. Haƙiƙa ƙasar nan ta taɓa zama dawa sosai, tun da littafin tarihin sarakunan Kano ya siffanta Barbushe na Dutsen Dala da cewa maharbin giwaye ne. Amma wancan zamani ya shuɗe, gonaki sun cinye kurmi, bindiga ta cinye sauran. Wani bincike da masana suka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, a wurare huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, da babban dajin da ya haɗa iyakokin Nijar da Benin da Burkina Faso, sai Kainji da Yankari a Nijeriya, inda 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Ga shi kuma zaki ba dabba ce mai iya ɓoye kanta ba, saboda rurinsa yakan kai kilomita 8 cikin dare, cikinsa kuwa yana neman nama mai yawa a kai a kai. Da ya sauka kusa da ƙauye, Fulani za su riga kowa sani, domin a garkensu zai fara karɓar haraji. Saboda haka duk wanda ya ce ya ga zakin daji a bayan badala, alhali ba a ji ruri ba, ba a rasa saniya ba, to da'awarsa tana da nauyin da ido ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

Damisa hukuncinta daban. Ita dabba ce mai sirri, mai yawon dare ita kaɗai, wadda take iya rayuwa da biri da kare da ɗan akuya, kuma an tabbatar da tana zaune a dajin da yake cikin birnin Mumbai na Indiya, tsakiyar miliyoyin mutane. Don haka idan mai yin itace ko makiyayi ya zo da labarin damisa daga duwatsun Riruwai ko daga dajin Falgore, wanda yake kudancin jihar a kan hanyar Jos, ya cancanci a saurare shi da natsuwa fiye da mai labarin zaki. A cikin ganuwa kuwa, inda Dala da Goron Dutse suka zama tsibirai a tsakiyar gidaje, yara na hawa da sauka daga safe har magariba, ko damisar ma ba ta da mafaka.

To me mutane suke gani? Sau da yawa sun ga wani abu da gaske, kuma ba maƙaryata ba ne. Idonsu ne ya yi musu fassara. Ido ba ya iya ƙiyasta girman abu sai da abin da zai gwada shi da shi, saboda haka ƙaton muzuru da ke tafe a kan gaɓar badala da almuru, babu mutum ko itace kusa da shi, sai ya cika ido kamar damisa. Ramammen kare mai ƙazuwa, wanda gashinsa ya zube, sai ya rikiɗe ya zama kura a cikin hazon hunturu. Idanun akuya ma, in hasken tocila ya faɗa musu, sukan yi ƙyalli kamar na kowane naman dawa, domin dabbobi da yawa suna da wani shimfiɗi a bayan ido mai mayar da haske. Kada kuma a zaci wannan rauni namu ne mu kaɗai. A watan Yuli na 2023, a wani gari da ke gefen Berlin ta Jamus, wani ɗan gajeren hoton bidiyo da aka ɗauka da dare ya sa hukuma ta gargaɗi jama'a su zauna a gida, 'yan sanda suka bazama da jirage masu saukar ungulu suna neman zakanya, har aka wuce yini da kwana, sannan masana suka ƙare nazarin hoton suka ce aladen daji ne.

A Amurka kuwa wannan mas'ala ta zama ruwan dare, saboda suna da wata dabba dangin kyanwa da suke kira zakin dutse, mai launin ƙasa-ƙasa, marar geza, wadda masu yawon ƙafa a duwatsu suke yawan cewa sun gani, ko da a jihohin gabas inda hukumar kula da namun daji ta yanke hukunci tun 2011 cewa irin na can ya ƙare. Wata tambaya da ma'aikatansu suke yi wa mai labari ita ce siffar wutsiya, domin ta zakin dutse doguwa ce mai kauri, kusan sulusin tsawon dabbar, da baƙi a ƙarshenta, alhali kuwa kyanwar dajin da aka fi rikita ta da shi guntuwar wutsiya gare ta. Wannan tambaya tana aiki a nan ma. Wutsiyar zaki tana ƙarewa da tuntun baƙin gashi, wanda babu wani dangin kyanwa mai irinsa. Ta damisa doguwa ce ƙwarai, mai roɗi-roɗi, takan lanƙwashe sama. Ta kura gajera ce mai buzu-buzu, ga gabanta ya fi bayanta tudu, shi ya sa tafiyarta take kamar ta mai ɗingishi. Mai labarin da ya kasa faɗin komai game da wutsiya, sai dai ya ce abin ƙato ne kuma idonsa ja, bai ba mu abin da za mu yi hukunci da shi ba.

Amma hujjar da ta fi ido ƙarfi tana ƙasa, kuma nan ne ilimin mafarauta yake, wanda na tabbata ya fi na yawancin masu riƙe da wayar hannu. Tsohon maharbi in an kai shi inda aka ce an ga dabba, ba ya tambayar kowa komai tukuna. Sai ya nemi wuri mai laushi, bakin kududdufi ko rairayin ƙorama, ya tsuguna ta yadda hasken hantsi zai zo masa a karkace, inuwa ta cika ramin sawun, sannan ya duba gaban yatsu. Dangin kyanwa, daga muzuru har zaki, sukan janye faratansu ciki in suna tafiya, don haka sawunsu kewayayye ne, yatsu huɗu ba alamar farce. Kare da dila da kura kuwa faratansu a waje suke, dole su bar 'yan ɗigo a gaban kowane yatsa. Sai ya koma ga dunduniyar sawun, ya ƙidaya tudun da ke bayanta: uku ne a sawun zaki da damisa, biyu a na kura, kuma sawun ƙafar gaban kura ya fi na baya girma a fili. Na zaki yakan kusa cika tafin hannun babban mutum, na damisa bai kai haka ba. Sawun da ya kwana a taɓo yakan buɗe ya ƙara faɗi, wannan ma ya san da shi, ba ya yarda girma kaɗai ya ruɗe shi.

Bayan sawu sai kashi da mushe. Kashin kura in ya bushe fari yake zama kamar alli, saboda ƙashin da take taunewa. Damisa takan kama wuya ta shaƙe, ta bar hujin haƙora a maƙogwaro, ta ja abin da ta kashe zuwa duhuwa ko ta haye itace da shi. Karnukan da suka koma daji kuwa sukan yayyaga tunkiya ta baya, su bar ta a fili a wulaƙance. Tumaki da yawa da aka ɗora wa damisa alhakinsu, karnukan unguwa ne suka kashe su.

Sai batun shaidu, kuma a nan ba mu da buƙatar aron hikimar kowa, domin fikihun da ake karantarwa a zaurukan birni ya riga ya tsara mana hanya a babin ganin wata. A mazhabar Malikiyya wata yana tabbata da shaidar adalai biyu, ko da jama'a mai yawa wadda ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba; kuma idan adalan nan biyu suka shaida, aka cika kwana 30, sama tana garau amma ba a ga sabon wata ba, sai a warware shaidarsu, wato abin da ya biyo baya ya zama alƙali a kan abin da ido ya ce ya gani. Haka ya kamata a yi wa labarin damisa: in kwanaki sun shuɗe ba sawu, ba mushe, ba wanda ya sake gani, labarin ya faɗi. Sai dai a yi hattara da yawan da ba yawa ba, saboda mutum hamsin da suka ba ka labari ɗaya, in ka bi isnadinsu ka tarar duk sun ɗauko ne daga saƙon murya guda a WhatsApp, to shaida ɗaya gare ka, kuma ba a san ko wane ne ba. Hoto ma yanzu ya zama mai ruwaya da ake tuhuma, tun da ana ɗauko tsohon bidiyo daga wata ƙasa a laƙaba masa sunan unguwarmu, ana kuma ƙirƙirar hoto da kwamfuta. Mai lura sai ya dubi itatuwa da ginin da lambar motar da ke cikin hoton, ya tambayi kansa ko nan ƙasar Kano ce. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da neman tabbaci kafin aiki da labari, kuma illar da ta ambata, wato cutar da wanda bai ji ba bai gani ba, ita ce dai take aukuwa in samari suka fita da gora da adda, su kashe abin da suka tarar, ko su ji wa juna rauni cikin duhu.

Duk da haka ban yarda da mutumin da ya mai da musu sana'a ba, domin abin da yake nadiri ba mustahili ba ne. A watan Yuni na 2011 mota ta buge wani zakin dutse a jihar Connecticut, inda aka daɗe ana yi wa masu irin wannan labari dariya, binciken ƙwayoyin halittarsa kuma ya nuna daga duwatsun Dakota ta Kudu ya taso, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 2,400 da ƙafarsa. A ƙasarmu kuwa ƙofar da ta fi buɗewa ita ce ta dabbar da ke hannun mutane: zakin Kano na 2019 daga keji ya fito, haka na Jos wanda ya kuɓuce a Disamba ta 2015 aka harbe shi, ga kuma gardawa masu wasa da kura suna yawo da ita kasuwa-kasuwa da takunkumi da sarƙa, sarƙa kuwa tana tsinkewa. Saboda haka idan labari ya zo daga cikin gari, tambayar da ta dace ita ce wa yake ajiye da irin wannan dabba a kusa, kuma ya duba ya ga tasa tana nan.

Wanda ya tarar da sawun da ya ba shi shakka a hanyar gona ko a burtali, ya hana yara tattake wurin, ya kifa kwano ko ƙwarya a kan sawun da ya fi fitowa, ya ɗauki hotonsa daga sama tsaye da kwalin ashana a gefe don a san girmansa, sannan ya kai maganar ga mai unguwa ko dagaci, su kuma su kira mafarauta da ma'aikatan gandun daji. In kuwa ƙaddara ta haɗa shi da dabbar ido da ido, shawarar masana game da zaki ita ce kada ya juya baya ya sheƙa, domin gudu yana tayar da ɗabi'ar farauta, kuma babu ɗan Adam da zai tsere masa; ya tsaya a miƙe, ya ɗauki ƙaramin yaro in yana tare da shi, ya riƙa ja da baya sannu a hankali yana fuskantar dabbar, ya kuma bar mata hanyar wucewa, musamman in ya lura tana tare da 'ya'ya ko tana kan abin da ta kashe.