Yawan Haushin Karnuka a Ƙauyuka: Dalilansa da Hanyoyin Rage Shi

A garuruwa da rugagen yankin Sundimina, da sauran sassan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, jama'a na ajiye karnuka domin gadin gida, tsaron garke da gona, da kuma farauta a lokacin rani. Sai dai idan haushinsu ya yi yawa, musamman da dare, yakan hana maƙwabta barci, har magana ta kai gaban mai unguwa ko dagaci. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka ma kare ba ya yawan haushi sai da dalili, kuma gano dalilin shi ne matakin farko na magance matsalar.

Abubuwan da ke sa kare yawan haushi

Na farko shi ne halin gado. Misali, a ƙasar Jamus akwai wani irin kare mai dogon jiki da gajerun ƙafafu da ake kira dakshund, wanda aka samar domin shiga rami ya bi wata dabba mai kama da dage. Da haushinsa maharbi ke gane inda yake a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa har yau ake saninsa da yawan haushi ko da an ajiye shi a ɗaki. Karen farauta na nan gida ma haka yake: in damina ta sauka aka daina fita daji, ƙarfin da ba ya samun inda zai kashe sai ya koma haushi.

Na biyu, kunnen kare ya fi na mutum kaifi, don haka yakan ji motsin da mai gida bai ji ba, ko na ɓarawo ne ko na akuyar maƙwabta.

Na uku shi ne rashin kulawa: yunwa, ƙishirwa a zafin bazara, sanyin hunturu, da ɗauri da gajeriyar igiya dare da rana. Haka nan kaska, ƙuma da ciwon kunne na hana shi sakat. Bugu da ƙari, idan karya ta shiga lokacin barbara, karnukan unguwa kan taru suna haushi da faɗa har wayewar gari.

Matakan da mai kare zai ɗauka

1. A ba shi abinci da yamma, a kuma ajiye masa ruwa mai tsabta a kowane lokaci.
2. A tanadar masa inuwa da makwanci, a riƙa kwance shi yana zagayawa tare da mai shi kullum.
3. A kewaye wurinsa da zana ko danga domin kada ya riƙa hangen masu wucewa.
4. A guji duka da jifa. Tsawa ma ba ta da amfani, domin ƙara tunzura shi take yi. Maimakon haka, a zaɓi kalma guda da kowa a gidan zai riƙa faɗa masa, da zarar ya yi shiru a ba shi ɗan abinci. Wannan horo na bukatar makonni da haƙuri.
5. A tuntuɓi malamin dabbobi kan maganin kaska da tsutsar ciki, da kuma fiɗiya, wadda ke rage yawon dare.

Manufar ita ce a rage haushin, ba a hana shi baki ɗaya ba, domin karen da ba ya haushi ba ya gadi.

Haushin da ke nuna haɗari

Idan muryar kare ta sauya ta dushe, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, ko yana kai cizo ga duk abin da ya gani, ana iya zargin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na hallaka mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu.

Wanda kare ya ciza, a wanke masa raunin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, sannan a gaggauta kai shi babban asibiti mafi kusa ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ba tare da jiran alamu ba. Idan zai yiwu ba tare da haɗari ba, a killace karen na kwana 10 ƙarƙashin kulawar malamin dabbobi.

Kira ga shugabanni

Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafi tun yana wata 3, a kuma sabunta ta kowace shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na sarrafa wannan allura, kuma masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi na katse yaɗuwar cutar.

Saboda haka ana kira ga dagatai, masu unguwanni, ardo-ardo da sarakunan mafarauta da su san adadin karnukan yankunansu, su sasanta ƙorafin maƙwabta tun kafin ya girma, su kuma kai rahoton duk karen da ake zargi ga sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, wato Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya, dama ce ta tunatar da jama'a cewa rigakafi ya fi magani.