Gano Lalacewar Akwatin Wutar Kwamfutar Tebur da Yadda Ake Sauya Shi

Gabatarwa

A ɗakunan kwamfuta na makarantu akan tarar da wasu kwamfutoci an jingine su a kusurwa, ƙura ta lulluɓe su, idan aka tambaya sai a ce ai sun mutu. Da za a bincika, da an ga cewa wasu daga cikinsu ba abin da ya same su illa lalacewar wani ɗan akwatin ƙarfe da ke ba su wuta, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba, sauya shi kuma bai fi aikin rabin sa'a ba. Malamin da aka damƙa wa kula da irin wannan ɗaki, ko da Hausa ko tarihi yake koyarwa, yana da bukatar sanin yadda ake gane wannan matsala, domin kada a yi watsi da na'ura mai rai, kada kuma a kashe kuɗin makaranta wajen sayen abin da ba shi ne ya lalace ba.

Masu gyara suna kiran wannan na'ura fawa-fak. A nan za a riƙa kiran ta akwatin wuta, shi kuma babban akwatin da ya ƙunshi dukkan kayan cikin kwamfutar a kira shi gidan kwamfuta, don gudun rikitar da su.

Aikin Akwatin Wuta

Wutar da ke fitowa daga soket a Nijeriya tana da ƙarfin bolt 230, kuma mai kai-da-komo ce, wato tana juya alƙibla gaba da baya sau 50 a kowace daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta ba sa iya amfani da ita a haka. Abin da suke bukata shi ne wuta kaɗan mai tafiya fuska guda, irin ta batir. Aikin akwatin wuta ke nan: ya karɓi wutar bango, ya miƙar da ita, ya rage ta zuwa bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3, sa'an nan ya rarraba wa kowane sashe gwargwadon bukatarsa.

Yawancin akwatunan wuta suna bin tsarin ATX ne, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a shekarar 1995. Wannan tsari ya ƙayyade girman akwatin da surar kawunan wayoyinsa, an kuma saba bambanta wayoyin da launi. Rawaya tana ɗauke da bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo bolt 3.3, baƙaƙe kuwa ta cikinsu wutar ke komawa. Babban kan waya, wanda ke shiga madabod, wato babban allon da sauran kaya ke haɗuwa a kansa, yana da ramuka 24. Na tsofaffin kwamfutoci 20 ne. Akwai kuma wani ƙarami mai ramuka 4 ko 8 da ke ciyar da masarrafar kwamfutar, wadda ita ce ƙwaƙwalwarta.

Wayoyi uku suna da aiki na musamman, kuma fahimtar su ita ce mabuɗin bincike. Shunayya tana ɗauke da bolt 5 a kowane lokaci muddin an jona kwamfuta da bango, ko da a kashe take. Ita ce ke sa madabod ya zauna cikin shiri. Idan mutum ya danna maɓallin kunnawa, ba akwatin wuta ya taɓa kai tsaye ba, madabod ya sanar, shi kuma madabod sai ya haɗa koriyar waya da baƙa, wanda hakan ke nufin akwatin ya tashi. Bayan ya tashi wutarsa ta daidaita, cikin abin da bai wuce rabin daƙiƙa ba, sai ya aika da saƙo ta waya mai ruwan toka cewa komai lafiya. Idan wannan saƙo bai iso ba masarrafa ba za ta fara aiki ba, ko da kuwa fankoki suna ta juyawa.

Alamomin Lalacewa

Alama mafi bayyana ita ce a danna maɓalli a ji shiru: ba fitila, ba ƙarar fanka. Wani lokaci kuma lalacewar kan zo da ƙara kamar fashewar kwalba, da warin ƙonewa daga bayan gidan kwamfutar. Waɗannan ba su da wuyar ganewa. Masu wahalarwa su ne alamomin akwatin da ya fara gajiya amma bai mutu ba. Kwamfuta takan mutu da kanta ana cikin aiki, ko ta sake tashi ba wanda ya taɓa ta, musamman idan aka ɗora mata aiki mai nauyi. Wata sai an danna maɓalli sau uku ko huɗu kafin ta kama. Sau da yawa akan ɗora laifin irin wannan a kan bairos, a goge komai a sake zuba manhaja, bayan kwana biyu matsalar ta dawo.

Dalilan lalacewar sanannu ne. Hawa da saukar wutar lantarki, da sauyawa tsakaninta da janareta, da tsawa a lokacin damina, duk a kan akwatin wuta suke fara sauka, domin shi ne a bakin ƙofa. Ƙurar hunturu kan toshe fankarsa, zafi ya taru a ciki, ya busar da ruwan da ke cikin kafasitoci, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta suna tace ta. Kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 sun yi fama da wani rukunin kafasitoci marasa inganci da kan kumbura su yi yoyo tun kafin lokacinsu. Har ila yau, tsofaffin akwatuna suna da wani ɗan jan makunni a baya mai rubutun 115 da 230. Kwamfutar hannu da aka shigo da ita daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, tana iya zuwa makunnin yana kan 115. Da zarar an jona ta a haka, nan take akwatin zai ƙone. Saboda haka duba wannan makunni shi ne farkon abin yi ga duk kwamfutar da aka kawo wa makaranta gudummawa.

Yadda Ake Bincike

Ƙa'idar bincike ita ce a faro daga bango a nufi ciki, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya. Da farko a jona wani abu, kamar fitila ko cajar waya, a soket ɗin don a tabbatar akwai wuta. Sa'an nan a sauya wayar da ke kawo wuta da ta wata kwamfuta mai aiki, domin filogi mai ƙafa uku yana da fiyus a cikinsa, kuma fiyus kan ƙone. A duba makunnin bayan akwatin, a ga yana kan alamar I, ba O ba. Idan akwai sitabilaiza ko na'urar ajiye wuta a tsakani, a tsallake ta a jona kai tsaye. Abin kunya ne a kwance kwamfuta gaba ɗaya alhali wani ɗalibi ne ya kashe makunnin baya da wasa.

Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a cire filogi daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta zube, a buɗe gefen gidan kwamfutar. Kafin a taɓa komai a fara dafa ƙarfen gidan, saboda ɗan lantarkin da jiki ke tarawa, musamman a hunturu, yana iya lalata madabod. A duba ko kawunan wayoyi sun zauna daram, a kuma duba ko akwai alamar ƙuna a bakinsu.

A nan ne ya kamata a ja kunne da babbar murya. Buɗe gidan kwamfuta ba shi da haɗari idan an cire filogi, amma buɗe akwatin wuta shi kansa wani abu ne daban. Manyan kafasitocin da ke cikinsa suna riƙe wutar da ta haura bolt 300, kuma suna iya ci gaba da riƙe ta bayan an cire filogi. Tana iya kisa. Malami ba shi da wata hulɗa da cikin wannan akwati, kuma kada ya bar ɗalibi ya zura sukundireba ta ramukan iskarsa. Aikinsa ya tsaya ga gwada shi daga waje.

Gwajin da aka fi sani shi ne na tayar da akwatin ba tare da madabod ba. A zare dukkan wayoyinsa daga kayan cikin kwamfuta, a lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takardu, a sa baki ɗaya a ramin koriyar waya da ke babban kai, ɗaya bakin a ramin kowace baƙa. Koriya guda ɗaya ce tak, don haka ba ta ɓata. A sababbin akwatunan da wayoyinsu duka baƙaƙe ne, rami na 16 da na 17 ake haɗawa, kuma wajibi ne a tabbatar da su daga zanen da ke cikin littafin akwatin, ba da ƙiyasi ba. Bayan an haɗa, sai a jona filogi a kunna. Ƙarfen yana yin aikin da madabod ke yi ne. Idan fanka ta juya, akwatin ya tashi. Idan ba ta motsa ba, galibi ya mutu. An ce galibi domin wasu akwatunan zamani ba sa juya fanka sai sun ɗauki zafi, saboda haka yana da kyau a jona wata fankar gidan kwamfuta a jikinsa ta zama shaida.

Sai dai juyawar fanka ba ta nufin lafiya. Ta nuna cewa akwatin yana numfashi ne kawai. Don sanin ko wutar da yake bayarwa daidai take, sai an sa mita. A juya ta zuwa wurin auna wuta mai fuska guda, mai alamar DC, a kan 20, a sa baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a wayar da ake son aunawa. Tsarin ATX ya yarda da saɓanin kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa. Wato rawaya ta kasance tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25, mai ruwan lemo tsakanin 3.14 da 3.47. Duk wadda ta fita daga wannan iyaka, hukunci ya tabbata. Amma ko mitar ma tana da iyaka, domin akwatin da ya gaji yakan ba da adadi mai kyau idan ba kaya a kansa, sai an ɗora masa aiki ya durƙushe.

Wannan ne ya sa gwajin da ya fi kowane yanke shakka shi ne musanya, kuma a ɗakin kwamfuta na makaranta shi ne mafi sauƙi, tun da akwai na'urori iri ɗaya a jere. A ɗauko akwatin wata kwamfuta mai aiki a jona wa wadda ta mutu. Idan ta tashi, an gano mai laifi. Idan ba ta tashi ba, to akwatin farko an zalunce shi ne, sai a koma ga madabod ko maɓallin kunnawa. Haka nan idan fanka ta ɗan motsa ta tsaya nan take, mai yiwuwa wani kaya ne ya haɗa wuta, akwatin kuma ya yanke don kare kansa. A irin wannan hali sai a riƙa zare kayan ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa, har a kai ga wanda ya jawo.

Zaɓen Sabo da Sauyawa

A jikin kowane akwati akwai takarda da ke nuna ƙarfinsa da ma'aunin wat. Sabon ya kasance daidai da tsohon ko ya ɗara shi. Wanda ya ɗara ba ya cutarwa, domin kwamfuta abin da take bukata kaɗai take ja. Kwamfutar ofis da ba ta da katin hoto na musamman, wat 300 zuwa 400 ya wadace ta. Abin lura shi ne, rubutu ba ya wuyar bugawa: akwai akwatuna masu arha da ke ɗauke da adadi mai girma alhali ba su kai ba, kuma irinsu idan za su mutu sukan tafi da madabod. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da akwati ya ja tana isa ga kwamfuta, saura ne ke zama zafi. Ba shi ne tabbacin inganci ba, amma alama ce mai taimako.

Sai kuma batun dacewa. Cikakken akwatin ATX yana da faɗin milimita 150 da tsayin milimita 86, amma ƙananan kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwar kayan hannu, da yawansu suna da akwati mai sura da kawunan waya na kansu. Irin waɗannan sai an nemo mai lamba ɗaya da na asali. Wasu kwamfutocin Dell na tsakanin 1996 da 2000 ma kan wayarsu kamarsa ɗaya da na ATX, amma jerin wayoyin ya bambanta. Hanya mafi aminci ita ce a tafi kasuwa da tsohon akwatin a hannu.

Sauyawar kanta ba ta da wuya. Bayan an cire filogi, a ɗauki hoton cikin kwamfutar da waya don tuna mazaunin kowane kai. A zare kawunan ta hanyar danne ɗan maƙallin da ke gefensu. Kan ake riƙewa, ba wayar ake ja ba. A kwance sukurori huɗun da ke bayan gidan, hannu ɗaya yana tallafe da akwatin don kada ya faɗo kan madabod. A sa sabon yadda fankarsa za ta sami iska, a ɗaure shi, a mayar da babban kai har a ji ya ƙulle, sa'an nan na masarrafa, sa'an nan na ma'adanar bayanai. Kowane kai fuska ɗaya yake shiga, wanda ya ƙi kada a tilasta shi. Na masarrafa shi aka fi mantawa, kuma idan aka manta shi fankoki za su juya amma monita ba za ta nuna komai ba. Idan akwatin irin wanda ake cire wayoyinsa ne, a yi amfani da wayoyin da suka zo da sabon kaɗai, domin jerinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani ko da bakinsu ya shiga.

Kafin a rufe gidan, a kunna kwamfutar a bar ta tana aiki kamar sa'a guda, ana sauraren fanka, ana kula da wari. Idan hawa da saukar wuta ne ya kashe tsohon, to a nemi sitabilaiza kafin a mayar da kwamfutar mazauninta, a kuma saba cire filogi idan an tashi daga makaranta ko hadari ya taso. Tsohon akwatin kuwa a rubuta masa alama a jiki, a miƙa shi ga masu gyara ko masu sayen tsofaffin kayan lantarki, kada a bar shi a cikin aji inda hannun yara zai kai.